Yadda Ake Tantance Ingarma da Goɗiya Kafin Barbara Don Kauce wa Ciwon Jijiya na Gado

Masu dawaki daga Nima, Sabon Zango, Madina da Ashaiman sun sha aiko da tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. An haifi duƙushi lafiya lau, ya kai wata uku ya fara tangaɗi yana karkaɗa kai, to daga uwa ne ko daga uba, kuma za a iya sake kai goɗiyar wajen wannan ingarman? Wasu kuma so suke su gane matsalar tun kafin su biya kuɗin barbara. Lamarin ya fi nauyi a nan Akra saboda dawakinmu ba su da yawa, kuma ingarma guda mai kyan diri, musamman wanda aka ce yana da jinin dawakin Larabawa, yakan hau goɗiyoyin unguwanni da dama, ta yadda aibin da ke ɓoye a jininsa zai bazu cikin 'yan shekaru ba tare da kowa ya lura ba. Ga yadda ake bin aikin daki-daki, kuma jerin matakan yana da muhimmanci, domin wanda ya tsallake na biyu da na uku yakan kashe daloli a kan gwajin da bai shafi dokinsa ba.

Mataki na 1: Rubuta asalin dokin

Sayi littafi mai kauri ka ware wa kowane doki shafinsa. Rubuta launinsa da alamomin fuska da ƙafafu, shekarunsa, inda aka samo shi, uwarsa, ubansa, da kakanninsa idan an san su. Abin da ya fi waɗannan amfani shi ne labarin 'ya'yan da ya riga ya haifa, kuma a nan tambayar da ake yi ita ce ta waɗanda suka mutu ko suka naƙasa, ba ta waɗanda suka yi fice a hawan Sallah ba. Akwai duƙushin da bai taɓa miƙewa ba tun haihuwa? Akwai wanda ya yi farfaɗiya? Akwai wanda aka sayar da wuri saboda yawan faɗuwa?

Gargaɗi: yaron da ke kwana da doki yana share masa barga ya fi dillali sanin wannan labarin, don haka shi za ka tambaya cikin mutunci kuma a keɓe. Haka nan kalmar "Balarabe" a bakin dillali ba hujja ba ce. Yawancin dawakin da ke gangarowa daga arewacin Gana, Burkina Faso, Nijar da Najeriya jinin Barb ne da Dongola na Afirka ta Yamma, kuma waɗannan daban suke da dokin Larabawa na asali. Idan littafin ya nuna ingarma da goɗiya uba ɗaya suke, ko ingarman shi ne uban goɗiyar, to a dakata tun daga nan, domin barbarar dangi na kusa ita ce hanya mafi sauri da ƙwayar ciwon gado guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ke haɗuwa a jikin ɗa ɗaya.

Mataki na 2: Duba tafiyarsa da idonka

Kana buƙatar mutum biyu, ragama da igiya mai tsawo, fili mai ƙasa ko yashi, da waya mai ɗaukar bidiyo. Kada a yi wannan a kan siminti ko kwalta, saboda dokin da bai san inda ƙafarsa take ba yana iya zamewa ya danne mai riƙe da shi. A yi da safe kafin rana ta yi zafi, ba a ɗaura sirdi ba.

Fara da kallonsa a tsaye. Doki mai lafiya yakan jera ƙafafunsa a ƙarƙashin jikinsa, mai matsalar jijiya kuwa yakan ware su nesa da juna, ko ya bar ɗaya a karkace ya manta da ita. Daga nan a ja shi a miƙe, kai kana kallo daga baya sannan daga gefe. Lura ko yana jan kofato har gabansa ya side, ko yana ɗaga ƙafar gaba sama fiye da kima ya dire ta da ƙarfi, ko ƙugunsa yana layi hagu da dama. Sai a juya shi a ƙaramin zagaye ta kowane ɓangare, domin a nan ne abin da ya ɓoye a tafiyar miƙe yake fitowa: ƙafar baya ta waje tana yin lilo can nesa, ta ciki kuma tana kafewa wuri ɗaya yana juyawa a kanta, ko ya taka kofatonsa da ɗaya ƙafar. A sa shi ya yi baya taku biyar ko shida, a haura da shi ɗan tudu a sauko, a tsallaka da shi wani katako da aka kwantar, sannan a maimaita tafiyar an ɗan ɗaga kansa sama yadda ba zai ga ƙasa ba.

Akwai gwajin wutsiya. Yayin da ake jan dokin a hankali, ka riƙe wutsiyar daga gefe ka ja ta wajenka daidai lokacin da ƙafar bayan da ke kusa da kai ta taka ƙasa. Mai lafiya zai turje ya gyara tafiyarsa nan take, mai rauni kuwa zai biyo ka cikin sauƙi. Ka tsaya a gefen ƙugu, ba a saitin shuri ba.

Na ƙarshe shi ne gwajin ido da na kai. Kai hannunka da sauri wajen idonsa ba tare da ka taɓa gashin ido ko ka kaɗa masa iska ba. Ya kamata ya ƙifta. Dokin da yake gani sarai amma bai ƙifta ba yana iya kasancewa da matsala a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita motsin jiki. A kula, duƙushin da bai kai mako biyu ba bai riga ya koyi wannan ƙiftawar ba, saboda haka rashinta a wannan lokacin ba alamar ciwo ba ce. Sannan miƙa masa dusa a ƙwarya ka kalli kansa. A irin wannan ciwon kan yana zaune lafiya lokacin da dokin ke hutawa, amma da zarar ya nufi ƙwaryar sai ya fara ɗan karkaɗawa sama da ƙasa, karkarwar tana ƙaruwa yayin da baki ke kusantar abincin, har wani lokaci ya zarce ƙwaryar ya buga gefenta.

Likitocin dawaki suna auna tangaɗi daga 0 zuwa 5, inda 0 ke nufin lafiya, 5 kuma dokin da ya kwanta bai iya tashi. Ba aikinka ba ne ka sa lamba, aikinka shi ne ka ɗauki bidiyon kowane gwaji ka rubuta kwanan wata. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tangaɗi a matsayin ɗingishi, a yi ta shafa magani a ƙafa. Ɗingishi yana maimaita kansa iri ɗaya a kowane taku, tangaɗin jijiya kuwa kowane taku da inda yake sauka.

Mataki na 3: Kawar da abin da ba na gado ba

Ba kowane tangaɗi ne gado ba, kuma a ƙasarmu cututtukan da doki ke kamuwa da su daga waje su ne abin fara zargi. Zargin jinin ingarman wani kafin a bincika waɗannan zalunci ne, kuma yana ɓata lokacin da za a iya ceton dokin. A auna zafin jikinsa ta dubura. Na babban doki yana tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma ciwon jijiya na gado galibi ba ya zuwa da zazzaɓi. Haka kuma ciwon da ya kama dawaki uku marasa dangantaka a barga ɗaya cikin mako guda, abinci ko annoba ya kamata a fara tuhuma.

A kira likitan dabbobi ya ɗebi jini. Abubuwan da zai nema sun haɗa da sammore, wanda ƙudan tsando da sauran ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, da tetanas mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora bayan wani rauni, da wata ƙwayar cutar mura ta dawaki da kan sa goɗiya ɓari wani lokaci kuma ta taɓa laka, da buguwa a wuya ko ƙeya daga faɗuwa ko fizgar turke. A zazzage buhun abinci a duba, domin masara ko dusar da ta yi funfuna a laimar Akra tana ɗauke da gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar doki, har ya riƙa zagaye ko ya jingina goshi da bango. Ana samun likitoci a asibitin dabbobi na gwamnati da ke La da kuma makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Gana a Legon, na Kumasi kuma suna da irinta a jami'ar KNUST.

Gargaɗi biyu a nan. Dokin da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da yawu ko yana cizon kansa, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, a killace shi a kira hukuma, domin ciwon haukan kare yana kama doki yana kuma kashe mutum. Na biyu, kada a sayo maganin sammoren shanu a yi wa doki allura da ka, saboda jikin doki bai jure shi yadda na saniya ke yi, kuma illarsa tana iya rikita alamun da likita ke nema.

Mataki na 4: Zaɓi gwajin da ya dace da jininsa

Gwajin DNA, wato gwajin ƙwayoyin gado da ake yi da saiwar gashin doki, yana neman aibi guda ne da aka riga aka sani, ba ya binciken lafiyar doki gaba ɗaya. Don haka asalin da ka rubuta a matakin farko shi zai nuna maka abin da za ka biya.

Idan dokin Balarabe ne ko ruwa biyu, akwai gwaje-gwaje huɗu da za ka gani a takardar ɗakin gwaji da haruffansu. CA shi ne lalacewar ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya. Ana haihuwar duƙushi lafiya, alamun su bayyana galibi tsakanin mako shida da wata huɗu, kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa ƙwayar da ke tattare da shi a 2011. An same ta har a wasu jinsunan da aka cuɗa da jinin Larabawa. LFS ya fi yawa a dawakin Larabawa na zuriyar Masar. Ana haihuwar duƙushin da launi koɗaɗɗe mai hasken toka, ba ya iya miƙewa, yana sanƙarewa yana banƙare wuya baya yana harba ƙafafu, kuma ba ya rayuwa. A Jami'ar Cornell aka gano ƙwayarsa a 2010. OAAM kuwa naƙasa ce a mahaɗar ƙoƙon kai da ƙasusuwan wuya na farko, wadda ke matse laka. Na huɗu, SCID, ba ciwon jijiya ba ne, rashin garkuwar jiki ne da ke kashe duƙushi cikin watannin farko, amma da yake gashi ɗaya ake amfani da shi, rashin dabara ne a bar shi.

Idan akwai jinin Quarter Horse na Amurka, a nemi HYPP, wanda ke sa tsoka kyarma da shanyewa lokaci-lokaci. An bi sawunsa zuwa ingarma guda mai suna Impressive da aka haifa a 1969, wanda aka yi ta rububin irinsa saboda cikar tsokarsa, kuma daga 2007 ƙungiyar masu wannan jinsin ta daina yi wa duƙusan da suka gaji ƙwayar daga uwa da uba rajista. Masu baƙin dokin Friesian na Holan su nemi gwajin taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa.

Dokin gida da ba shi da ko ɗaya daga waɗannan jinin, kuɗinka ya fi amfani a hannun likitan da zai duba shi da kyau. Kuma a sani akwai cututtukan da ke bin dangi amma ba a gwada su da gashi: farfaɗiyar duƙusan Larabawan Masar da ke farawa cikin watanni shida na farko ta lafa kafin shekara biyu, da matsewar laka a wuya da ta fi kama dogayen dawakin sukuwa maza masu saurin girma, wadda sai da hoton ƙashi ake ganewa, da kuma lalacewar laka mai nasaba da ƙarancin bitamin E. Takardar da ta ce doki ba shi da CA ba ta ce komai a kan waɗannan ba.

Mataki na 5: Cire gashi da aikawa

Kafin ka taɓa dokin, rubuta wa ɗakin gwajin ta imel ka gaya musu daga Gana za ka aiko, su faɗa maka takardun da hukumar shigar da kaya ta ƙasarsu ke buƙata. Wanda aka fi sani shi ne ɗakin gwajin ƙwayoyin gadon dabbobi na Davis a Amurka, akwai kuma na Onderstepoort a Jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu, da Laboklin a Jamus. Ana cike takarda da biyan kuɗi ta intanet da katin banki.

Kayan aiki kaɗan ne: ambulan ɗin takarda sabo ga kowane doki, biro, da hannu mai tsabta. Rubuta sunan dokin a kan ambulan tun kafin ka cire gashin. Zaɓi busasshen gashi daga geza ko saman wutsiya, ka kama silli biyar zuwa goma kusa da fata, ka naɗe su a yatsa, ka fizge da sauri sau ɗaya. Ɗaga su ga haske ka duba: a ƙarshen kowane silli ya kamata ka ga ɗan farin ɗigo, wato saiwar, kuma a cikinta abin da ake gwadawa yake. Maimaita har ka tara silli 20 zuwa 30 masu saiwa. Ga duƙushi, daga wutsiya ake cirewa, domin gashin gezarsa siriri ne yana tsinkewa.

Kurakuran wannan matakin su suka fi jawo asara. Gashin da aka yanke da almakashi ba shi da amfani, haka wanda aka tsinto a buroshi ko a ƙasa. Kada a sa a leda, zafi da gumi za su sa shi ruɓewa kafin ya isa. Kada a taɓa saiwar da yatsa. A rufe ambulan ɗin doki ɗaya a wanke hannu kafin a je ga na biyu. Idan ingarman na wani ne, a cire gashin a gaban ku biyu, kowa ya sa hannu a bakin ambulan, domin wannan yana toshe gardamar gobe.

Kuɗin kashi uku ne: ladan likita da gwajin jini a nan gida, kuɗin ɗakin gwaji, da kuɗin aikawa. Gwaji guda dala gommai ne, ba ɗaruruwa ba, kuma biyan su a dunƙule ya fi biyan ɗaya-ɗaya sauƙi. Kuɗin kamfanin aika saƙo irin su DHL yana iya kamo na gwajin kansa, shi ya sa ya fi kyau masu dawaki uku ko huɗu su haɗa ambulan ɗinsu a ƙunshi ɗaya su raba kuɗin. Sau ɗaya ake yin gwajin a rayuwar doki. Wanda kuɗinsa bai kai na gwada ingarma da goɗiya duka ba ya fara da ingarma, saboda shi ke hawan goɗiyoyi da yawa, kuma idan ya fito da tsabta daga CA, LFS da SCID, babu ɗansa da zai kamu da su ko da wace goɗiya aka kawo. A aika wata biyu kafin lokacin barbara, don kada jiran sakamako ya sa a yi gaggawa.

Mataki na 6: Karanta sakamako ka yanke shawara

Sakamako yana zuwa da haruffa biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. N/N na nufin babu ƙwayar. N/CA na nufin dokin yana ɗauke da ita amma shi lafiyarsa ƙalau, zai yi sukuwa ya tsufa ba tare da alama ba. CA/CA shi ne mai ciwon. Duk wanda ya san lissafin sikila tsakanin AS da AS kafin aure ya riga ya san wannan. Mai ɗauke da ƙwaya idan ya haɗu da mai ɗauke da ita, a kowane ciki akwai kashi 25 cikin 100 na haihuwar mai ciwo, kashi 50 na mai ɗauke da ita, kashi 25 na mai tsabta. Idan ya haɗu da N/N kuwa babu mai ciwo ko ɗaya, sai dai ana sa ran rabin 'ya'yan su ɗauki ƙwayar.

Wannan lissafin ya amsa tambayar da ke raba abokai. Duƙushin da ya fito CA/CA ko ya mutu da LFS ya gaji ƙwaya ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, don haka mai goɗiya ba shi da hurumin ɗora wa mai ingarma laifi shi kaɗai, haka shi ma. Kuma cewa "ai sun haifi uku lafiya" ba kariya ba ce, domin ko da dukansu biyu suna ɗauke da ƙwayar, yiwuwar su jera uku masu lafiya ta kai kusan kashi 42 cikin 100, kuma ciki na huɗu bai san da na baya ba. HYPP ya sha bamban, ƙwaya ɗaya ta isa ta kawo ciwo, saboda haka dokin da ya fito N/H, wato mai ƙwayar guda ɗaya, shi ma bai kamata a nemi irinsa ba.

Ra'ayina a kan mai ɗauke da ƙwaya shi ne kada a wulaƙanta shi, kuma kada a sake shi. Fitar da duk masu ɗauke da ita daga barbara zai ƙara ƙuntata jinin da dama bai da faɗi, a rasa kyawawan halaye tare da aibin. Amma a garin da ake sayar da duƙushi hannu da hannu babu takarda, ingarma mai N/CA bai dace ya zama na kowa da kowa ba. Ya hau goɗiyar da aka nuna takardarta ta N/N kawai, a gwada ɗan da aka haifa, takardarsa ta bi shi duk inda aka sayar da shi. Mai CA/CA ba a barbara da shi sam, kuma ɗora wa goɗiya mai tangaɗi cikin wata goma sha ɗaya azabtarwa ce. Ga cututtukan da ba su da gwaji, ƙa'idar ita ce dokin da ya nuna alama ba a neman irinsa, haɗin da ya taɓa haifar da mai ciwo ba a maimaita shi, ingarman da ya haifi masu tangaɗi da goɗiyoyi biyu marasa dangantaka kuma a dakatar da shi.

Wasu za su ce a fiɗiye shi kawai. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu akwai hani game da fiɗiye dawaki, don haka wanda abin ya shige wa duhu ya tambayi malaminsa. Ko ba a kai ga haka ba, katanga mai ƙarfi da yaron barga mai amana sun isa su raba shi da goɗiyoyi.

Mataki na 7: Yarjejeniya da mai ingarma

Neman takarda wajen dattijo mai doki yana buƙatar lafazi, don kada ya ji ana tuhumarsa. Wanda ya fara ajiye tasa takardar shi ke sauƙaƙa maganar: "Alhaji, ga sakamakon goɗiyata na kawo maka ka gani. Idan ka yarda, ni zan biya rabin kuɗin a gwada naka, takardar kuma ta zama taka." Mafi yawan masu ingarma suna ganewa da kansu cewa takardar N/N tana ƙara wa dokinsu daraja.

A rubuta a takarda ɗaya, da shaidu biyu, sunayen dawakin, sakamakon kowanne, kuɗin barbara, da abin da za a yi idan duƙushi ya fito da ciwon gado, ko a mayar da kuɗi ko a raba asara. A ƙara sharaɗin cewa kowa zai sanar da ɗan'uwansa idan wani ɗan wannan jinin ya kamu daga baya. Wanda ya san ingarmansa ya taɓa haifar da mai tangaɗi ya yi shiru ya karɓi kuɗi, ya ɓoye aibi a ciniki, kuma shari'a ta ba wanda aka ɓoye wa aibi damar warware cinikin.

Mataki na 8: Ciyar da goɗiya da sa ido kan duƙushi

Cikin goɗiya yana ɗaukar kimanin kwana 340. A wannan lokacin da kuma shekaru biyun farko na duƙushi, bitamin E yana kare laka, musamman a dangin da ke da raunin gado ta wannan fuskar. A ɗanyar ciyawa yake, kuma yana raguwa a harawa da busasshiyar ciyawar da ta daɗe a ajiye. Dokin Akra da ke ɗaure a turke yana cin dusa da busasshen abinci, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, shi ne ya fi fuskantar ƙaranci. Likita zai iya auna shi a jini, inda ake son ya wuce maikirogiram 2 a kowace mililita, kuma a kare jinin daga haske a ajiye shi cikin sanyi kafin a kai ɗakin gwaji. Idan ya yi ƙasa a ƙara da magani bisa ma'aunin likita. Kada kuma a ɗura wa duƙushi hatsi don ya yi saurin cika ido, saurin girma yana daga cikin abin da ke jawo matsewar laka a wuya.

Ranar haihuwa, duƙushi ya kamata ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono ya sha dakashi cikin awa biyu, mahaifa ta faɗo cikin awa uku. Wanda ya kasa miƙewa a kira likita nan da nan, kada a yanke cewa LFS ne, domin duƙushin da ya wahala wajen haihuwa yakan nuna alamu masu kama da haka kuma da yawansu suna warkewa da kulawa. Daga nan a maimaita gwajin mataki na biyu sau ɗaya a wata, da bidiyo, har ya cika wata shida. Duƙushi mai jinin Larabawa da ba a gwada ba, kada a sayar da shi kafin wannan lokacin da sunan mai cikakkiyar lafiya.

Mataki na 9: Idan ciwon ya tabbata

LFS ba shi da magani, kuma barin duƙushi yana sanƙarewa kwana da kwanaki da fatan zai tashi ƙarin azaba ne gare shi. Likita ne zai kawo ƙarshen wahalarsa da allura. CA ma ba ya warkewa, sai dai tsananinsa ya bambanta. Mai sauƙin alamu zai iya rayuwa a fili mai laushi marar ramuka da ƙarafa, a riƙa tunkararsa a hankali domin firgita kan sa ya miƙe tsaye ya faɗi ta baya. Wanda yake faɗuwa kullum yana jin rauni, shawarar likita a kansa iri ɗaya ce da ta LFS.

Kowane irin sauƙi alamun suka yi, wannan dokin ba na hawa ba ne har abada. Kada a rage masa farashi a sayar wa samarin da ke ɗora baƙi da yara a bakin tekun La, kada a ba da aronsa ranar hawan Sallah inda ganguna da cunkoso za su firgita shi, kuma kada a miƙa shi ga dillali ya kai wani gari inda ba a san labarinsa ba. Idan za a ba da shi kyauta ga mai iya riƙonsa, a rubuta ciwon a takarda a miƙa tare da igiyar.

Kafin a binne duƙushin da ya mutu, a cire gashin wutsiyarsa a ambulan kamar yadda aka bayyana a mataki na biyar, a ɗauki hotonsa da rana yadda launin gashin zai fito, kuma idan da hali a bar likita ya buɗe gawar, saboda lalacewar laka mai nasaba da bitamin E sai bayan mutuwa ake tabbatar da ita. A shigar da sakamakon a shafin uwa da na uba a littafin barga, sannan a kira duk wanda ya sayi ɗan wannan goɗiyar ko wannan ingarman a baya a sanar da shi, don ya gwada nasa kafin ya kai shi barbara.